Me ya sa littafin Wells ke raba kan masu karatu?

A cikin ɗaliban Samaru da Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, masu karanta littattafan Turanci, da wuya ka sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan The Time Machine na H. G. Wells. Wani zai ce bai taɓa karanta abin da ya tayar masa da tsigar jiki kamarsa ba, wani kuma ya ce tun a babin farko barci ya kwashe shi. A ganina, yawancin wannan saɓani daga abin da mutum ya shigo nema yake tasowa.

Littafin ya fito a Landan a 1895. Gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu ko uku. Wani masani da ba a faɗi sunansa ba ya ƙera na'ura, ya hau, ta kai shi shekara ta 802,701. Can ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu: Eloi, ƙananan mutane kyawawa da tsayinsu bai wuce ƙafa huɗu ba, ba sa aikin fari balle na baƙi, abincinsu 'ya'yan itace, da Morlock, masu zama a ƙarƙashin ƙasa cikin injuna, waɗanda ba sa iya jure haske.

Babin farko shi ne wurin da ake yawan ajiye littafin. Ba tafiya a cikinsa, zaman cin abinci ne kawai, maigida, wato masanin nan, yana yi wa baƙinsa bayani cewa bayan tsawo da faɗi da kauri akwai awo na huɗu, wato lokaci. Shawarata, a karanta shi da sauri, kada a tsaya sai an gane kowane layi. Abin da za ka riƙe guda biyu ne: na'urar ba ta barin inda take, zamani ne ke sauyawa a kanta, sannan sanduna ne ke tuƙa ta, waɗanda daga baya matafiyin zai kwance ya sa aljihu. Duka biyun suna da amfani a gaba, lokacin da Morlock suka ja na'urar suka ɓoye ta a gindin wani farin gunki.

Masu kushe suna da gaskiyarsu. Wells bai bayyana yadda na'urar ke aiki ba, sai dai ya ambaci hauren giwa da tagulla da wani dutse mai ɗaukar ido. Wanda ya saba da finafinai zai jira a koma baya a gyara tarihi, amma wannan matafiyi gaba ya nufa. Weena kuwa, 'yar Eloi, mace ɗaya tilo mai muhimmiyar rawa a labarin, an zana ta kamar ƙaramar yarinya mai bin sa zoƙai-zoƙai, kuma mata masu karatu ba su yi laifi ba da suka ce an rena musu hankali. Akwai kuma waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da tushen labarin ba, domin Wells ɗalibin T. H. Huxley ne, babban mai kare ra'ayin Darwin na rikiɗar halitta, kuma a kan wannan ra'ayi ya gina rabuwar 'yan Adam. Mai karatun da ya tashi da ƙissar Ashabul Kahfi da shekarunsu 309 ba baƙo ba ne ga tsallake zamani. Batun rikiɗar halitta ne ke tsaya masa a wuya.

Amma inda masu kushe suka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar maganar matafiyin a matsayin gaskiyar labari. Sau uku yana fassara abin da ya gani, yana rushe na baya. Da farko ya zaci mutane sun ci nasara a kan wahala har jin daɗi ya sangarta su. Da ya gano rijiyoyin da ke kaiwa ƙasa, sai ya ce Eloi jikokin masu dukiya ne, Morlock jikokin leburori, har yanzu suna yi musu bauta. A ƙarshe ya ga nama a kan teburin Morlock, ya fahimci kiwon Eloi ake yi don yanka. Wanda ya bi wannan zaren zai ga littafin magana yake a kan Ingila ta zamanin Wells, inda ma'aikata ke yini a ramukan kwal da ɗakunan ƙasa. Mahaifiyar Wells ma ta yi aikin kula da gidan attajirai a Uppark, inda masu hidima ke bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.

Idan za a karanta shi a ƙungiya, a duba bugu tukuna. Wasu kwafin babi 16 ne, wasu 12 da ɗan rufewa, labarin ɗaya ne amma lambobin ba sa haɗuwa. A guji taƙaitattun bugu na 'yan makaranta da ke yawo wurin masu tsofaffin littattafai, a kuma tabbatar akwai babin da matafiyin ya zarce shekara miliyan 30, ya iske rana ta yi ja ta kumbura, teku shiru, ba ɗan Adam ko ɗaya. Fim ɗin 1960 da na 2002 duk sun bar wannan wuri, suka mai da labarin na ceton Eloi, shi ya sa wanda ya fara da kallo yakan ce littafin ya ƙare ba daɗi.