Abin da ya raba ni da shugaban sashenmu

Na ajiye aikin koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke cikin birnin Kano, kuma darasi ɗaya ne silar tafiyata: gangarar layi, da layin da ke saran sa a kusurwar digiri 90.

A wurin shugaban sashenmu, magana ce ta darasi guda. A rubuta m₁ × m₂ = −1 a allo (m₁ da m₂ su ne gangarar layukan biyu), a ce wa yara su juya lambar su canja mata alama, a wuce, tunda manhaja na da yawa kuma WAEC ba ta jiran kowa. Ni kuwa na san inda yaran ke tuntuɓe. Ba su y = 2x + 3, kowa zai ce gangarar 2 ce, ta mai saran sa −½. Mayar da tambayar 2y = 6x + 4, sai ka ji ana ta cewa 6, alhali sai an raba da 2, y ta tsaya ita kaɗai, sannan 3 ta fito.

Shi ya sa na sa su sayo takardar giraf. Taku ɗaya dama, biyu sama, ga layin farko. A juya shi: biyu dama, ɗaya ƙasa. Da idonsu suka ga inda −½ ta fito. Daga nan neman layin da ke saran na farko, wanda ya ratsa (4, 1), bai ba su wuya ba: y − 1 = −½(x − 4), wato y = −½x + 3. Har y = 5 suka gane, wanda gangararsa sifili ce, ba ta juyuwa, mai saran sa kuwa a tsaye yake ƙyam, irin x = 2. Mai hadda a nan yake cijewa.

Muna cikin haka shugaban sashen ya shigo, a gaban ɗalibaina ya ce, "Malam, nan ba ajin zane ba ne." Washegari ga takardar tuhuma, wai ina ɓata lokacin manhaja. Da sakamakon jarrabawar gwaji ya fito da kyau, shi ya tashi a taron malamai yana bayanin tsarin da ya kawo. Ko sunana bai ambata ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ga wanda zai gaje ni: ka riƙe kwafin tsarin darasinka mai kwanan wata, kada ka mayar wa na gaba da kai magana a gaban yara. Ajin SS2 kuma sun riga sun saba da giraf, don Allah kada ka raba su da shi.