Lallen Ƙanwata da Faifan Silikon

Yau da la'asar a gidanmu na Tudun Wada, ƙanwata ta wanke lallen bikin gobe, sai ta ɓata rai. Zanen ya baje, furannin bayan hannunta sun haɗe sun zama dabbare-dabbare. Ta ce, "Yaya, zufa ce fa, kuma na bar shi ya daɗe." Na riƙe hannun ina kallo, tana jiran lallashi, ni kuwa hankalina ya tafi ajinmu na Samaru.

Da irin wannan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya ke fama. Sukan cusa ƙwayoyin sinadarin boron ko fosfaros cikin faifan silikon, wato siririn faifan da ake ƙera ƙwaƙwalwar a kansa, daidai gurbin da suke so, amma sai an gasa faifan, wajen digiri 1000 a ma'aunin Celsius, kafin ƙwayoyin su zauna su kama aiki. Zafi na kamawa kuwa sai su fara yawo. In lokacin ya ninku sau huɗu, nisan da suke ci ninki biyu ne, amma a ɗan ƙara wuta, sai su zabura. Abin haushin, duk gashin da aka sake yi ƙari ne kan na baya, babu ragi. Shi ya sa ake haska faifan da fitilu masu ƙarfi na 'yan daƙiƙu a kashe, kuma in an shimfiɗa siraran wayoyin ƙarfe, ba a cika wuce digiri 400 ba. Ta fizge hannunta tun ban ƙarasa wannan tunanin ba. Ni dai tun ɗazu nake juya wayata, ina tunanin sau nawa ƙwaƙwalwarta ta shiga wuta kafin ta zo hannuna.