Buhun kilo 50 da Kawu ya ce bai cika ba

Makon jiya Kawu ya kira ni a waya ransa a ɓace, wai in zo shago yanzu yanzu. Shinkafa yake sari a nan Kano, yana sayar wa masu ƙananan shaguna. Ina zuwa na tarar ya ɗora buhu biyu a sikeli, ɗaya kilo 48 da rabi, ɗaya 49, alhali a jikin buhun an rubuta 50 ɓaro-ɓaro. Ya ce "ɗana ai kai ka yi boko, rubuta min takarda in kai wa dilan nan, cutata suke yi."

Na ce Kawu buhu nawa aka sauke maka? Ya ce 200. To yaya aka yi ka zaɓi waɗannan biyun? Ya ce su ya ga kamar sun rame. A nan na ce masa don Allah ya dakata, domin in ka ɗauko buhun da idonka ya riga ya zarga ai dole ka samu abin da kake nema, kuma buhu biyu cikin 200 ba za su ishe ka ka kira mutum macuci ba, ko injin da ya fi kowanne kyau ba ya zuba 50 cif a kowane buhu, wani ya ɗara kaɗan wani ya gaza kaɗan. Abin da kamfani yake iƙirari shi ne matsakaicin nauyin buhunansa 50 ne, kuma wannan maganar ana iya gwada ta, a darasin ƙididdiga mun yi shi, gwajin hasashe ake ce masa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ya yi kama da ƙa'idar da muka sani a gaban alƙali, wato mai da'awa shi ke kawo hujja. Za ka fara ne da ɗauka cewa maganar kamfani gaskiya ce, sannan ka tambayi kanka: in da gaske matsakaicin 50 ne, sau nawa zan ɗebi buhuna haka kawai in samu sakamako ƙasa kamar wanda na samu? In abu ne da kan faru a kai a kai sai ka yi shiru. In kuwa da kyar zai faru, to ka samu abin riƙewa.

Muka rubuta lamba 1 zuwa 200 a 'yan takardu muka zuba a kwano, yaron shago ya zaro goma ido rufe, aka bi jeri aka ciro buhunan, har da na can ƙasa wanda sai da aka sauke na sama ana ta haki. Kafin mu fara awo na sa aka gwada sikelin da dutsen awo na maƙwabcinsa, don in sikeli ne da matsala duk lissafin banza ne. Matsakaicin goman ya fito 49.2, warwatsuwarsu kuma, wato yadda kowane buhu ke nisa da matsakaicin, kusan kilo 1.

Lissafin ba wuya. Ka raba warwatsuwar nan da tushen murabba'in 10 (yawan buhunan da muka auna), wato 3.16, lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka kusan 10, za ka samu 0.316, wannan shi ne irin kuskuren da ake sa ran matsakaicin buhu goma zai yi don sa'a kawai. Giɓin da muka gani tsakanin 50 da 49.2 shi ne 0.8. Raba 0.8 da 0.316 ya ba ka kusan 2.5. Sai ka duba jadawalin t, wato jadawalin da ke nuna iyakar da wannan lambar za ta wuce kafin a ce ba sa'a ba ce kawai, a layin 9, tunda buhu goma ne a cire ɗaya, kuma tun farko zarginmu na gazawa ne ba na ƙari ba, iyakar ita ce 1.833, wadda sa'a kawai ba ta wuce ta sai sau 5 cikin 100. Namu ya wuce ta sosai. A taƙaice da kamfanin yana cika 50 ɗin, abin da muka gani ba zai faru ba sai ƙasa da sau 2 cikin 100.

Jadawalin nan ma yana da tarihi, kuma daga wajen aiki ya fito ba daga aji ba. William Gosset ma'aikaci ne a kamfanin giya na Guinness da ke Dublin a ƙasar Ailan, yana fama da gwajin sha'ir da sauran kayan haɗi, kuma samfur kaɗan yake samu, hanyoyin da ake da su a lokacin kuwa sai da samfur mai yawa suke aiki daidai. A 1908 ya buga maganin matsalar a mujallar Biometrika da sunan aro, Student, shi ya sa har yau ake haɗa gwajin t, wato irin wanda muka yi, da wannan suna. Iyakar 5 cikin 100 da kowa ke bi kuma masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya yaɗa ta tun 1925, kuma al'ada ce kawai aka saba da ita, ba wahayi ba ne.

Kar ma a ce abin na 'yan kasuwa ne kawai. Dukkanmu mun haddace cewa zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, lambar daga wani likitan Jamus ta zo, Carl Wunderlich, wanda ya buga ta a 1868 bayan ya auna dubban marasa lafiya a Leipzig ta hammata. Sama da shekara ɗari ana maimaita ta. A 1992 Philip Mackowiak da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka suka auna mutum 148 masu lafiya ta baki, suka samu matsakaici 36.8. Bambancin ƙarami ne amma ya isa a sake duba lambar da kowa ya ɗauka an gama magana a kanta.

Da na gaya wa Kawu sakamakon sai ya ce "ka gani ko, ɓarayi ne." Wallahi nan ne na fi jin nauyin abin. Na ce Kawu lissafin bai ce ɓarayi ba ne fa, abin da ya nuna kawai shi ne buhunan nan ba su kai 50 a matsakaici ba. Ko a masana'anta aka rage, ko a hanya aka huda aka tsiyaye, ko shinkafar ce aka ɗura da danshi ta bushe a sito, lamba ba ta san wannan ba. Kuma akwai ɗan yiwuwar mu ne sa'a ta juya wa baya muka zaro goma marasa nauyi, kaɗan ne amma yana nan. Mutuncin mutum ba abin da za a zubar ba ne a kan 2.5.

Sai dai haƙƙinsa ma haƙƙi ne. Giram 800 a buhu ɗaya kamar ba komai, amma a buhu 200 kilo 160 ke nan, sama da buhu uku, a tsadar shinkafar yanzu kuwa ribar ce gaba ɗaya ta tafi.

Don haka takardar da na rubuta masa babu zagi babu zargi a ciki, nauyin buhu goman ne a jere, da yadda muka zaɓe su, da sikelin da muka yi amfani da shi, sai roƙon dilan ya zo da nasa sikelin a sake zaro wasu goma a gabansa. Dilan ya ce zai zo ranar Asabar bayan la'asar, kwanon takardun yana nan Kawu ya ajiye a ƙarƙashin kanta.