Yadda nake gane ko ɓangaren zaɓi ya zo a pyparsing

Ina rubuta ɗan nahawun da zai karanta umarnin SQL (harshen neman bayanai daga rumbun bayanai) da pyparsing, wato kayan aikin Python na karanta rubutu bisa nahawu, sai na iso wurin `DISTINCT` (mai cire maimaici) da `LIMIT` (mai ƙayyade yawan layukan da za a kawo). Duka biyun mai rubutu na iya sa su, yana iya barinsu, don haka na naɗe su da `Opt` (sunan da `Optional` ya samu tun pyparsing 3.0, tsohon ma yana aiki). Karantawa ba ta ba ni wahala ba. Wahalar tana bayan an gama: ta yaya zan san ya zo ko bai zo ba?

Da farko na sa wa lambar da ke bin `LIMIT` suna, `iyaka`, ina dubawa da `if r.iyaka`, inda `r` shi ne sakamakon karantawar. Wannan kuskure ne. Idan sunan bai zo ba, pyparsing na dawo da rubutu fanko, wanda Python ke ɗauka a matsayin ƙarya. To amma `LIMIT 0` ma sifili yake bayarwa, shi ma ƙarya ne a wurin Python. Ka ga an haɗa wanda ya ce kada a kawo komai da wanda bai sa iyaka ba sam, alhali ma'anarsu kishiyar juna ce. Gyaran shi ne `"iyaka" in r`, domin shi yana tambayar ko sunan na nan ne, bai damu da abin da ke cikinsa ba.

Sai dai da zarar ka ba `Opt` ƙimar `default` (ƙimar da zai bayar idan abin bai zo ba), kuma sunan yana jikin `Opt` ɗin ko jikin abin da ya naɗe kai tsaye, wannan gwajin ya mutu: sunan zai kasance kullum.

`DISTINCT` kuwa na sa masa `Suppress` don kada ya cika min sakamako, sai ya ɓace gaba ɗaya har da sunansa, tunda babu abin da za a ɗaura sunan a kai. Abin da ya yi min aiki shi ne:

`Opt(Keyword("DISTINCT").set_parse_action(replace_with(True))("bambanta"), default=False)`

A nan `default` ya dace, saboda amsa biyu ce kawai, e ko a'a. Ka lura sunan yana cikin `Opt`, a jikin kalmar.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Rubuta `LIMIT abc` ka gani. `Opt` zai gwada, ya kasa, ya koma baya shiru kamar ba a rubuta komai ba, kuma idan ba ka sa `parse_all=True` (mai tilasta a karanta rubutun har ƙarshe) ba, ragowar rubutun ma ba za a kula shi ba. Sakamakon zai ce babu iyaka, ga mutum ya nemi iyaka. Shi ya sa na daina haɗa `LIMIT` da lambarsa da `+`, na koma `-`. Da `-`, muddin an ga kalmar `LIMIT`, dole lamba ta biyo, in ba haka ba a jefo `ParseSyntaxException`, wanda `Opt` ba ya haɗiyewa, kuma saƙon kuskuren na nuna daidai inda aka sa ran lambar.