Daga Khartum zuwa Maiurno da Maƙamatul Hariri a jaka

Shekara huɗu littafin ya yi a cikin akwatina. A kasuwar Kurmi na saye shi tun kafin in bar Kano zuwa karatu a Khartum, na buɗe shi ya fi a ƙirga, amma ban taɓa wuce shafi biyu ba. Duk ɗalibin Larabci a ƙasar Hausa ya san yadda ake ambaton Maƙamatul Hariri, tarin labaran Larabci da ake kiran kowannensu maƙama, kamar ana maganar kogin da ya saba cin mutane. A zaurukanmu sai wanda ya yi nisa a lugga ake ɗora wa shi. Ni kuwa in na zauna da shi, layi ɗaya sai na duba ƙamus sau bakwai, kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Sai in rufe, in wuni zuciyata a dagule.

Lokacin sanyi na 2017 wani abokin karatuna ɗan Maiurno ya ce in bi shi gida hutu. Da asuba muka hau raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa Minal Barri, babbar tashar motocin Khartum, muka shiga bas mai zuwa Sinnar. Littafin na jefa shi a jaka, da niyyar ko a hanya in sake gwadawa.

Titin yana bin gefen Bahrul Azraƙ, reshen Nilu da ya gangaro daga Habasha. Da muka wuce Kamlin da Hasahisa sai gonakin Jazira suka buɗe, alkama shar, auduga ta fara fashewa, magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da zare. Duk sanda na tuna hanyar nan yanzu, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita garuruwanta, sai ƙirjina ya yi nauyi. A Wad Madani muka tsaya shan shayi. Wani saurayi mai sayar da agashe, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan, ya ji muna hira ya ce, "Sannunku da hanya, 'yan uwa." Kakansa ya taso da ƙafa daga Haɗeja da niyyar hajji, aikin auduga ya tsayar da shi, a nan ya yi iyali. Littafi dai bai fito daga jaka ba har muka wuce madatsar ruwan Sinnar, wadda Turawan Ingila suka kammala a 1925.

Maiurno tana kudu da Sinnar kaɗan, a bakin kogi. Sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ta ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, shi ya ja ragowar masu hijira gabas har suka sauka nan. Fulatanci da Hausa da Larabci duk suna yawo a bakin mutane, jimla ɗaya ma sai ka ji an haɗa biyu.

Kakan abokina tsoho ne tukuf, idanunsa sun yi rauni. Bayan la'asar yakan kishingiɗa a kan angarib, gadon igiya irin na can, ana dafa masa jabana, wato gahawa, a gefe. Kwana na biyu ina neman wani abu a jaka sai littafin ya faɗo. Ya ce a miƙo masa. Ya shafa bangon, ya kusanto da shi fuska.

"Ɗana, a ina ka tsaya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban ma fara ba. Ya fi ƙarfina."

Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in buɗe maƙama ta farko, ta San'a'a, in karanta da ƙarfi. Ina kaiwa kalma ta huɗu na tsaya zan tambayi ma'ana. Ya ɗaga hannu. "Kana karatu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ci gaba, kada ka tsaya sai inda magana ta sauka." Na ci gaba, murya na rawa. Duk inda ƙafiya, wato amsa-amo, ta faɗo sai ya buga yatsa a katakon gadon, tak. Kafin in kai ƙasan shafi na ji harshena ya fara bin bugun da kansa, kamar mai bin kiɗa. Rabin kalmomin ban san su ba, amma a karo na farko na ji cewa mutum ne yake magana.

Sannan ya ba ni labarin da Hausa. Harisu ɗan Hammamu ya shiga San'a'a ba ko sisi, ya iske wani mai wa'azi ya tara jama'a yana tsoratar da su duniya har ana kuka. Aka tara masa kuɗi. Harisu ya bi shi a ɓoye har cikin wani kogo, sai ga malamin wa'azi zaune gaban gurasa mai laushi da gasasshen ɗan akuya da tulun giya. Shi ne Abu Zaidu na Saruja. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ba ka taɓa ganin irinsa a tashar mota ba?" Na gani mana. Gizo ne sanye da rawani. Shekara huɗu ina jin tsoron littafin, babu wanda ya taɓa gaya mini akwai abin dariya a ciki.

Sai bayan nan muka koma farko, kalma-kalma, ina ja yana fassarawa irin ta zaure. Ya sa aka ɗauko nasa kwafin a cikin gafaka, takardun sun yi ja, tsakanin layuka cike da ƙananan rubutun ajami na mahaifinsa. A ƙarƙashin wata kalma da ta daɗe tana kayar da ni an rubuta fassararta da Hausa, a gefe kuma an sake wata, alamar shi ma mai rubutun sai da ya gyara fahimtarsa. Na daɗe ina kallon gyaran nan.

Wuyar littafin gaskiya ce. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, da gangan ya tattaro baƙin kalmomi, ya bi sawun Hamazani, wanda ya riga shi rubuta maƙamomi, ya kuma zarce shi a wasa da harshe. Cikin maƙamomi 50 akwai huɗubar da babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, akwai wasiƙar da ake karantawa daga ƙarshe zuwa farko ta ba da ma'ana. Abin da nake ganin muna yi ba daidai ba shi ne, muna nuna wa ɗalibi wannan tsaunin tun kafin ya san Abu Zaidu, sai ya ɗauka jarrabawa aka ba shi.

Kwana goma na yi, muka karanta maƙama shida. Ta uku ta fi zauna mini, inda Abu Zaidu ya yabi dinari aka ba shi, ya juya ya zage shi aka ƙara masa wani. Ranar komawa tsoho ya sa mini albarka, ya ce in nemi sharhin da malami Sharishi ya yi wa littafin, amma kada in buɗe shi sai na karanta maƙama da ƙarfi sau biyu. A cikin bas na fara ta bakwai, ina buga yatsa a bayan kujerar gabana.

Daga nan duk sanda abokina ya kira gida, sai tsoho ya karɓi waya ya tambaye ni, "Ina mutuminmu ya kai?" In ce Bagadaza, ko Dimashƙa, ko Samarƙandi. Da damina ta biyu ta kama na ce masa, "Baba, ya iso Basra, ya tuba." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in karanta masa ƙarshen, da ƙarfi, don layin ba ya da kyau.