Ruwan da Ya Riga Alloli

Ranar da na fara karanta labarin halitta na mutanen Babila, tsohon birni a ƙasar Iraki ta yau, barci ya ƙaurace wa idona. An rubuta labarin a kan alluna bakwai na yumɓu, aka tono gutsattsarinsu a tsakiyar ƙarni na 19 a kufan Nineba, daura da birnin Mosul na ƙasar Iraki, sannan wani Bature mai suna George Smith ya buga fassararsu a 1876. A cikinsa an ce tun fil azal babu komai sai ruwa iri biyu a cakuɗe, na daɗi da ake kira Apsu da na gishiri da ake kira Tiyamat, kuma daga gare su aka haifi alloli. Rikici ya ɓarke a tsakaninsu, har wani matashi daga cikinsu mai suna Marduk ya kashe Tiyamat, ya tsaga gawarta biyu, ya yi sama da rabi, ya yi ƙasa da rabi. Mutum kuwa daga jinin Kingu, jagoran mayaƙan Tiyamat, aka yi shi, domin ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. Abin da ya hana ni sakat shi ne, kowace sabuwar shekara ana karanta wannan labari a gaban gunkin Marduk, kuma masu sauraronsa mutane ne masu kaifin hankali waɗanda suka iya lissafin husufin wata, amma a yau babu wata al'umma da ke bauta wa Marduk. Sai na tambayi kaina, ni da na yi imani da Mahalicci, me ya bambanta ni da su?

Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin irin waɗannan hikayoyi, kuma abu na farko da na lura da shi shi ne kowace al'umma da kayan da ke gabanta take gina farkon duniya. Misirawan dauri kowace shekara suna ganin Kogin Nilu ya yi ambaliya ya shafe gonaki, idan ya janye sai tuddai na baƙar ƙasa su ɓullo, tsiro ya biyo baya, don haka suka ce duniya ta fara ne da wani tudu da ya taso daga ruwan farko mai suna Nun, abin bauta Atum ya bayyana a kansa. Mutanen arewacin Turai, masu zama cikin ƙanƙara, suka ce zafi ne ya haɗu da ƙanƙara ta narke, daga ɗigonta aka sami wani ƙato mai suna Imir, wanda daga baya aka yi ƙasa da namansa, teku da jininsa, duwatsu da ƙasusuwansa. Mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka suka ce an gwada yin mutum da laka ya narke, aka gwada da itace ya fito babu zuciya babu tunani, sai da aka cuɗa shi da masara, abin da rayuwarsu ta dogara a kai, sannan ya zama mutum. Tun kimanin shekara 2500 da suka wuce wani masanin Girka, Zenofanis, ya gano wannan, inda ya ce da shanu da dawakai suna da hannuwan yin zane, da sun zana allolinsu da siffar shanu da dawakai.

Akwai kuma hannun mulki a ciki. Marduk asalinsa abin bautar gari guda ne, amma da Babila ta yi ƙarfi ta mamaye maƙwabtanta, sai ya hau kujerar shugabancin alloli, har labarin ya ƙare da jera masa sunaye hamsin na girmamawa. Wanda ya saurari labarin ya koyi yadda aka yi sama da ƙasa, ya kuma koyi dalilin da zai sa ya yi wa sarki biyayya.

Tushe na uku yana cikin ƙwaƙwalwarmu, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A 1944 masana halayyar ɗan Adam biyu, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka nuna wa mutane wani gajeren hoto mai motsi wanda a cikinsa siffofi biyu masu kusurwa uku da wata 'yar da'ira suke yawo. Kusan duk waɗanda suka kalla suka ba da labarin faɗa da tsoro da gudu, kamar dai mutane suka gani. Daga baya wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Deborah Kelemen, ta nuna cewa ƙananan yara, idan aka tambaye su dalilin da ya sa wani dutse yake da tsini, sun fi karkata ga amsar da ke da manufa a cikinta, kamar a ce don dabbobi su sosa jikinsu. Masana suna bayyana wannan da cewa wanda ya ji motsi a cikin ciyawa ya zaci zaki ne ya gudu, idan iska ce bai yi asarar komai ba, wanda kuwa ya zaci iska ce alhali zaki ne, ya halaka. Saboda haka zuciyar mutum ta ginu a kan neman mai aiki a bayan kowane aiki.

Duk wannan na yarda da shi, kuma ba na ganin mai imani yana da dalilin tsoronsa. Inda na rabu da masu cewa magana ta ƙare a nan shi ne, sanin hanyar da wani tunani ya bi ya shigo zuciyar mutum bai isa ya nuna tunanin gaskiya ne ko ƙarya ba. Muna ƙirga da goma-goma ne saboda yatsunmu goma ne, Babilawa kuwa da sittin-sittin suke lissafi, abin da ya bar mana minti sittin a awa guda, amma bakwai ba ta rabuwa gida biyu daidai a wurinmu da wurinsu baki ɗaya. Wannan ɗabi'a ta neman manufa, wanda bai yi imani ba zai kira ta kuskuren ƙwaƙwalwa, mai imani zai kira ta fiɗira, wato ɗabi'ar da Mahalicci ya halicci mutum a kanta, kuma binciken da aka yi wa yara ba shi da ikon raba musu gardama.

Sai da na daɗe ina karatu kafin na ga wani abu da ya kamata na gani tun farko. Mafi yawan waɗannan hikayoyi ba su ba da labarin samuwar komai daga babu ba. Kullum akwai wani abu da ya riga: ruwa a Babila da Masar, ƙanƙara da wuta a arewacin Turai, wani ƙwai a Sin wanda Pangu, ƙaton farko a labarinsu, ya yi shekara 18,000 a cikinsa. Allolin kansu haifarsu ake yi, suna jin tsoro, wasu ma suna mutuwa. Aikinsu gyara ne da rarraba kayan da suka tarar, kamar maginin da aka kawo wa ƙasa da ruwa. Wata tsohuwar waƙar addini ta Indiya, a cikin littafi na goma na Rigbeda, ta fahimci wannan gurbi sarai, domin ta ce alloli ma daga baya suka zo, to wa ya san inda halitta ta fito? A nan ne ainihin tambayar take farawa, wato daga ina ruwan ya zo, kuma, kamar yadda Leibniz, masanin falsafa Bajamushe, ya faɗa a 1714, me ya sa akwai wani abu maimakon a ce babu komai?

Amsar da ta fi zama mini a rai ita ce ta Ibn Sina, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a 1037. Ya ce duk abin da muke gani mumkinul wujudi ne, wato yana iya kasancewa yana kuma iya rashin kasancewa, don haka samuwarsa aro ce daga wani abu dabam. Idan aka tara dukan masu aro wuri guda, ko da adadinsu ba shi da iyaka, tarin nasu bai zama mai dukiya ba, dole ne a sami wanda samuwarsa tasa ce, wajibul wujudi. Masu tambayar wa ya halicci Mahalicci suna ɗaukarsa kamar Marduk, ɗaya daga cikin kayan duniya, alhali hujjar tana magana ne a kan abin da ba ya cikin jerin masu aro kwata-kwata. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a muhawarar da ya yi da limamin Katolika Frederick Copleston a rediyon BBC a 1948, ya amsa da cewa duniya tana nan kawai, shi ke nan. Ina girmama wannan amsa domin babu yaudara a cikinta, sai dai na kasa gane dalilin da zai sa hankalin da ke neman sababin kowane ƙaramin abu ya ajiye tambayarsa daidai lokacin da ya iso ga babban abin.

Wajibi ne in faɗi iyakar wannan hujja. Tana kai mutum ga tushe guda wanda ba ya buƙatar kowa, amma ba ta gaya masa sunansa, ba ta tabbatar da wahayi, ba ta kuma share hawayen uwar da ɗanta ya mutu tana tambayar dalili. Wanda ya ce mini labarin yin mutum da yumɓu yana cikin littattafan da aka saukar kamar yadda yake a hikayoyin allolin nan Khnum na Masar da Nuwa ta Sin, gaskiya ya faɗa, kuma ni abin da nake gani shi ne duk wanda ya taɓa binne mamaci ya san mutum da ƙasa dangi ne, saƙon da zai shiga kunnensa kuwa da harshen da ya sani zai zo.

Haka nan ina ƙin jingina imanina ga binciken kimiyya na yau, kuma wannan daga Georges Lemaitre na koye shi. Limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, kuma shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, tunanin da ya kai ga ƙiyasin da ake yi yanzu cewa shekarun duniya sun kai kimanin biliyan 13.8. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike ya gaskata halitta. Lemaitre bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun, domin a ganinsa lissafinsa yana bayanin yadda duniya ta sauya ne daga wani hali zuwa wani, kuma bai taɓa batun wanda ya samar da ita ba. Ya ci gaba da limancinsa da lissafinsa har ya rasu a 1966, jim kaɗan bayan an sanar da shi cewa an gano ragowar hasken farkon duniya.