Yadda ja ya haɗiye ja a wasan Zakaran Zinariya

Wata makarantar koyon rawa da ke kudancin Faransa ce ta ba ɗakin ɗinkinmu aikin tufafin kashi na farko na wasan da Faransawa ke kira Le Coq d'or, wato Zakaran Zinariya, bisa salon zanen da mai zane 'yar Rasha Natalia Goncharova ta yi wa ƙungiyar rawa ta Ballets Russes a shekarar 1914. Na karɓi aikin da murna, domin tun da na bar ɗinkin manyan riguna na koma ɗinkin kayan dandamali nake sha'awar hannun matar nan, wadda ta ɗauko launukanta daga hotunan da talakawan Rasha ke saye a kasuwa su liƙa a bango, da kayan wasan yara na katako, da surfanin matan ƙauye. A wasan na asali an jera mawaƙa zaune a gefe biyu na dandamali cikin jajayen riguna, masu rawa kuma suna tsakiya suna nuna labarin da jikinsu, a gaban wani birni mai kubbobi da hasumiyoyi wanda ja da rawaya da ruwan goro suka mamaye shi. Wannan jan ne ya hana mu barci, kuma har yau idan na tuna yadda abin ya faru raina yakan sosu.

Duk wanda ya san aikin Sergei Diaghilev, wanda ya kafa ƙungiyar Ballets Russes, ya san cewa babban abin da ya kawo wa Paris tun daga 1909 shi ne ya danƙa wa mai zane guda ɗaya labule da tufafi gaba ɗaya. Kafin nan, a manyan gidajen wasa na masarautar Rasha, akan sami gwanin zana daji daban, gwanin zana fada daban, mai tsara tufafi kuma daban, kowa yana aikinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Léon Bakst ne ya tsara komai na Schéhérazade a 1910, Alexandre Benois ya tsara na Petrushka a 1911, Nicholas Roerich kuma ya tsara na wasan bikin bazara na mai tsara kiɗa Stravinsky a 1913, bayan ya yi nazarin tarin kayan manoma da Gimbiya Tenisheva ta adana a Talashkino kusa da Smolensk. Hikimar abin ita ce mai rawa ya zama wani ɗigon launi mai motsi a cikin hoton da aka zana masa wuri tun farko. Amma makarantar, don ta rage kashe kuɗi, sai ta ba wani mai fenti a wani gari aikin labulen baya, mu kuma ta ba mu tufafi. Na nemi a turo mana ko da ƙyalle ɗaya ne mai ɗauke da fentin labulen, aka amsa mini cewa babu buƙata tunda littafi ɗaya aka ba mu duka mu duba.

Ɗinkin kansa bai ba mu wahala ba. Riguna ne na auduga masu faɗi, dogaye ga mata da gajeru ga maza, da furanni manya da muka yanka daga wani yadin muka ɗinka a kai. Muka zaɓi ja iri uku: wanda ya karkata zuwa ruwan goro, da ja wur, da mai duhu kamar na zoborodo. A kan teburin yanka, cikin hasken rana da ke shigowa ta taga, bambancinsu a fili yake ga kowa.

Ranar da aka fara gwaji da cikakkun kaya da fitilu, na zauna a layin ƙarshe na kujeru kamar yadda na saba. Aka ɗaga labulen gaba, birnin ya bayyana da kyau sosai, 'yan mata suka shigo a jere daga hagu, sai na ga fuskoki da fararen hannayen riga suna tafiya a iska babu gangar jiki. Jan rigunan ya narke cikin jan ganuwar birnin. Furannin da muka yanka muka ɗinka ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya da ya kai layin da nake zaune. Ja ukun nan sun zama ɗaya, kuma shi ɗin ne dai a kan labule. Malamar rawar ta tsayar da kiɗa ta juyo tana neman inda nake, domin tsarin ƙafa da ta koyar tsawon zangon karatu ba ya ganuwa.

Dalilan da suka haɗu suka jawo haka, na fahimce su ne a daren. Hoton littafi ba ya riƙe launin asali, kuma ko da ya riƙe, mai fenti yana dama nasa jan da garin launi, ni kuma ina sayen nawa rinanne a kanti, don haka kowa kwatanci ya yi. Sannan fitilun da Goncharova ta yi aiki da su a 1914 masu zare ne, haskensu mai ɗumi ne kuma yana ɗauke da kowane sashe na ja, alhali fitilun zamani da ke wannan zaure suna haɗa haskensu ne daga ƙananan ƙwayaye masu launi ƙayyadadde, shi ya sa idan aka ƙara musu ja don a fito da zafin birnin, sai jajaye mabambanta su koma iri ɗaya. Dalili na uku shi ya fi ci mini rai, domin da an turo ƙyallen nan da na roƙa, da mun gano shi cikin minti kaɗan: daga nesa ido ya fi lura da bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Na ɗauki hoton dandamalin da waya na mayar da shi baƙi da fari, sai ga riguna da ganuwa duk toka-toka iri ɗaya, babu iyaka tsakaninsu.

Sake fentin labulen bai yiwu ba, kuma a gaskiya bai cancanci a taɓa shi ba. Mai fentin ya bi hanyar da Vladimir Polunin, babban mai fentin labulen Diaghilev, ya shahara da ita: a shimfiɗa yadin a ƙasa, a riƙa tafiya a kansa da buroshi mai doguwar ƙota, ana shafa fenti mai ruwa-ruwa wanda yadin zai sha, ta yadda za a iya naɗe shi a yi tafiya da shi bai tsattsage ba. Irin wannan aiki yana buƙatar fili mai girman labulen kansa, mu kuwa ba mu da shi. Saboda haka nauyin gyaran ya faɗo kanmu. Muka farke furanni, muka sa wa kowanne farin alawayyo a ƙarƙashi ya leƙo kewaye da shi, muka ƙara faffaɗan baƙin gefe a bakin kowace riga da wuyanta, muka canza gaban rigunan wasu daga ja zuwa rawaya. A aikin babbar riga an horar da ni cewa darajar hannu tana cikin ƙanƙantar ɗinki, domin mai kallo yana tsaye kusa da mai rigar. A nan dole na sa hannuna ya yi layi mai faɗin yatsu uku, wanda idan ka riƙe rigar sai ka ce ɗan koyo ne ya yi, amma shi kaɗai ke isa kujerar baya.

Kuɗin da aka ce ana tsimi, ya tafi a sabon yadi da ladan aikin dare, har da ƙari. Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne nauyin da gyaran ya ɗora wa yaran. Kowane faci ƙarin yadi ne, ƙarin yadi kuma ƙarin zufa ne, kuma rigar da ke tashi idan an juya ta zama tana faɗowa da wuri. An san wannan matsalar a tarihin ƙungiyar Ballets Russes kanta, domin kayan da Mikhail Larionov ya tsara wa wasan Chout a 1921 sun yi nauyi da tauri har suka takura wa masu rawa. Mun cire shafin rigunan, mun buɗe hammata mun sa ƙari don hannu ya ɗagu, duk da haka yarinyar da ke gaban layi tana fitowa daga fage wuyanta ya yi ja saboda gogar sabon baƙin gefen. An yi wasan, an gan su sarai har daga baya, kuma na ji daɗi ƙwarai da iyaye suka miƙe suna tafi, amma na san kayan da suka sa sun fi wanda ya kamata su sa nauyi, kuma na san dalili.

Daga baya na je Landan na ga wasu kayan ƙungiyar na asali a gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert, inda kuma ake ajiye da katafaren labulen da Goncharova ta tsara wa wasan tsuntsuwar wuta a 1926. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda aikin yake da kauri idan ka matso: fenti a kan yadi kai tsaye, manyan siffofi, gefe mai faɗi, da alamun gyara bisa gyara na telolin da suka yi ta faɗaɗawa da matsewa don jikin masu rawa daban-daban. Zanen Bakst a takarda yana da laushi da ƙananan ado, amma waɗanda suka mayar da shi tufafi sun san inda za su ƙara girma da inda za su zubar.

Yanzu ba na sayen yadi sai an cika mini sharaɗi biyu: a kawo ƙyallen labule mai ainihin fentin, kuma a ba ni lokaci a zauren da za a yi wasan tare da mai kula da fitilu, in rataya yadudduka a gaban ƙyallen in koma baya in ɗauki hoton baƙi da fari. Wata ƙungiya ta tuntuɓe mu kan kaya irin na wasan Les Noces na 1923, wanda mai tsara rawarsa Bronislava Nijinska ta ƙi zanen farko mai launuka da yawa har Goncharova ta koma ga ruwan ƙasa da fari kawai. Shugaban ƙungiyar ya ce launi biyu ba sa buƙatar gwaji, na ce masa sai an yi. Da aka kunna fitilunsu, biyu daga cikin yadudduka masu ruwan ƙasa da na kawo sun koma baƙi, na uku ne kawai ya tsaya a launinsa, shi muka saya.